Babi na Shida: Kanwa, Zoɓo da Ƙusa, Inda Malamin Kimiyya Zai Samo Aikin Gwaji

Akwai ɗalibi a ajin ƙarshe na babbar sakandare wanda in ka ba shi alli zai rubuta maka yadda asid ke haɗuwa da alkali su ba da gishiri da ruwa, ya daidaita lambobin hagu da na dama ba ko tuntuɓe. Ka miƙa masa kofuna biyu na ruwa garai-garai ka ce ya gano wanne ne asid, sai ya tsaya yana kallonka. Ba daƙiƙi ba ne. Shekara uku ya yi yana haddar labarin abin da bai taɓa ganin ya faru ba.

Irinsa suna da yawa a makarantunmu, dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin gwaje-gwaje ko dai babu shi, ko yana nan garƙame da kwaɗo, kwalabe sun sha ƙura, sinadarai sun dunƙule a gindin gwangwani. Ba a buɗe shi sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, an aiko da jerin kayan da za a tanada. Sai a tara yara a gurguje a koya musu riƙe biret da karanta ma'auni, a zana musu teburin da za su cike. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan: ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin da abin ya dame shi yakan fara da tambayar ina zai samo kaya. Tambayar da ta kamata ta riga wannan ita ce: me nake so yaran nan su gane? In ya amsa ta, zai tarar rabin kayan da yake nema suna kasuwar ƙauyensu, a rumfar mai kayan miya, da ta mai kayan gini, da kantin magani.

Abin da ke mai da wasa darasi

Ba tun asali ake danƙa wa ɗalibi kwalbar gwaji ba. A jami'o'in Turai na da, farfesa ne ke haɗa sinadarai a gaban aji, ɗalibai suna zaune suna kallo. A 1824 wani matashi Bajamushe, Justus von Liebig, ya kama aikin koyarwa a jami'ar Giessen, ya kafa ɗakin gwajin da kowane ɗalibi ke aiki da hannunsa kullum. Daga ƙasashe da dama aka riƙa zuwa koyo a wurinsa, waɗanda suka koma gida kuma suka tafi da tsarin. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani Bature ɗan Ingila, Henry Armstrong, ya dage a kan cewa ko yaran sakandare ma a bar su su binciko abu da kansu.

Sai dai motsin hannu kaɗai ba ya zama ilimi. Ana iya ba yara kaya su zuba wannan cikin wancan, kumfa ta tashi, su yi tafi, a buga ƙararrawa kowa ya fita bai ƙaru da komai ba. Alex Johnstone, malami a jami'ar Glasgow, ya bayyana inda gizo ke saƙar a 1982. Ya nuna cewa ilimin sinadarai hawa uku ne. Akwai abin da ido ke gani da hanci ke shaƙa: launi, kumfa, zafi, wari. Akwai abin da ke gudana tsakanin ƙwayoyin zarra, wanda ba mai iya gani. Akwai kuma alamomi da ikweshan da ake rubutawa a allo. Gwani yana hawa da sauka tsakanin ukun bai ma san yana yi ba. Ɗalibinmu kuwa an ajiye shi a hawa na uku, ba tsani.

Don haka duk aikin da malami ya ci karo da shi, a littafi ne ko a intanet ko a bakin abokin aiki, ya auna shi da tambayoyi huɗu. Akwai abin da ɗalibi zai yi hasashe kafin a fara, har ya yiwu hasashen ya faɗi? Akwai abin aunawa ko ƙirgawa? Ana iya ɗaure abin da aka gani da ikweshan ɗin da ke cikin manhaja? In yaro ya yi kuskure mafi muni, me zai same shi? Aikin da ya tsallake huɗun nan ya cancanci minti arba'in na aji. Wanda ya faɗi a ta ƙarshe, a bar shi komai kyansa.

Tambaya ta farko ita aka fi mantawa. Wasu malamai biyu na Ostareliya, Richard White da Richard Gunstone, sun yaɗa wata hanya mai mataki uku a littafinsu na 1992: hasashe, gani, bayani. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa, kafin a taɓa komai. Yaron da ya riga ya sa hannu a kan amsa ba ya gyangyaɗi, domin yana so ya ga ko zai ci ko za a kayar da shi.

Kanwa ta kar tsami

Darasin asid da alkali shi ne mafi sauƙin farawa, domin yaran sun zo da shi daga gida. Sun san karin maganar nan, kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Sun ga uwarsu ta jefa 'yar kanwa cikin miyar yakuwa don tsamin ya faɗa. Abin da ba su sani ba shi ne wannan ne ainihin abin da littafi ke faɗa a babin da suke jin tsoro. Kanwar da fatake suka yi ƙarnoni suna ɗaukowa daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga, mafi yawanta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da yashi. Tsamin tsamiya na asid ɗin tatarik ne, na lemun tsami sitirik, na nono kuma laktik.

Abin da zai bambance su a ido shi ne zoɓo. A jiƙa cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi, a tace, a surka da ruwa har jan ya yi haske. A jera ƙananan kofuna: ruwan lemun tsami, jiƙon tsamiya, binega, ruwan rijiya, jiƙon kanwa da aka tace, ruwan toka, ruwan omo. Kafin a ɗiga, a tambayi aji wanne zai fi sauya launin zoɓon. Da yawa za su zaɓi lemun tsami, tunda shi ya fi cizon harshe. Sai a ɗiga, jan ya zauna daram. A ɗiga cikin kanwa, ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma wajen kore.

"Malam, lemon bai yi aiki ba."

Nan darasin ya fara. Zoɓo da kansa mai tsami ne, shi ya sa tun a tukunya yake ja. Sinadarin da ke ba shi launi, antosayanin, siffar ƙwayarsa tana sauyawa gwargwadon yawan asid ɗin da ke kewaye da ita, launin da take nunawa kuma ya bi siffar. A matsa lemun tsami cikin kofin da ya yi kore, ja ya dawo. Robert Boyle ya rubuta irin wannan a 1664, da ruwan wani fure mai launin shuɗi-shuɗi. Kurkum ma yana yi: rawaya ne a cikin asid, in ya gamu da alkali sai ya yi ja, kamar yadda duk wadda ta wanke tabon miya mai kurkum da sabulu ta sha gani.

Daga nan a shiga ƙirge. A auna mililita 5 na jiƙon kanwa da sirinji marar allura, a sa zoɓo kaɗan, a riƙa ɗiga binega ana ƙirgawa har ja ya dawo. Launin ba ya juyawa farat ɗaya, saboda haka a ajiye kofi guda a gefe da za a riƙa kwatantawa da shi. A ninka yawan kanwar, a sa su yi hasashen ɗigo nawa za ta ci yanzu. Sannan a kawo jar kanwa da fara da ungurnu, a jiƙa nauyi ɗaya na kowacce a ruwa daidai wa daida, a bar su su gano wacce ta fi ƙarfi. Amsar ba ta cikin kowane littafi, malamin ma sai an gwada zai sani. Yaron da ya yi wannan a aji ɗaya, ranar da ya tsaya gaban biret a aji uku ya riga ya san me ake nema. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Nauyin da ba ya ɓata

Antoine Lavoisier ya kafa ƙa'idar a littafinsa na 1789 a Faransa: a kowane sauyin sinadarai, nauyin abin da aka fara da shi daidai yake da na abin da aka ƙare da shi. Kowane ɗalibi ya haddace ta, amma kaɗan ne suka yarda da ita a zuci. Ai sun ga an ƙona dami guda na itace ya bar toka cikin cokali.

Kayan da ake bukata su ne gorar lemon kwalba ta roba mai lita 1.5 da murfinta, binega mililita 50, bekin soda giram 2, da ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu sayar da zinare. A ƙunshe garin a 'yar takarda, a rataye shi da zare a wuyan gorar yadda ba zai taɓa ruwan ba, a ɗaure murfi tamau, a auna. A karkata gorar su haɗu. Kumfa za ta taso, gorar ta yi tauri a hannu, kuma ta yi ɗan sanyi, domin wannan sauyin zuƙar zafi yake yi. A sake aunawa: lambar ba ta motsa ba. A kwance murfin a hankali, a ji fitar iska, a auna a karo na uku. Yanzu nauyi ya ragu.

Lissafin allo zai ce giram 84 na sodiyam baikabonet yana ba da giram 44 na iskar kabon dayoksaid, wato giram 2 zai ba da kusan giram 1. Sikeli zai nuna ragin da bai kai haka ba. Kada malami ya rufe wannan gibi da cewa kuskuren gwaji ne. Ya tambaye su ina sauran. Yana cikin gorar, domin iskar ta fi ta sarari nauyi. A karkata bakin gorar a kan guntun kyandir mai ci, ba tare da ruwan ya zubo ba, wutar ta mutu. A kiyaye abu biyu: kada a wuce giram 2, kuma kada a yi wannan a kwalbar gilashi. Wasu littattafai kan ce a sa balan-balan a bakin gora. In aka yi haka sikeli zai nuna ɗan ragi tun ba a buɗe ba, saboda iskar sarari tana tallafar balan-balan ɗin da ya kumbura, sai yara su ɗauka ƙa'idar ce ta karye.

Shaidar da jarrabawa ke nema a kan wannan iska ita ce ruwan laim ya yi fari, kuma ana iya haɗa shi daga ɓawon ƙwai, wanda kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne. A kai ɓawon wurin maƙeri a sa shi tsakiyar gawayi, a yi ta zuga. Zai fara yin baƙi, daga baya ya yi fari fat. A zafin da ya kai wajen digiri 900 ne iskar ke fita:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Wannan sauyin shi ne matakin farko a tandun kamfanonin siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar. In farin garin ya huce, malami da kansa ya ɗiga masa ruwa, ya kare idonsa, domin yana ƙuna. A zuba ƙaramin cokali ɗaya cikin lita guda ta ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Ɗalibi ya hura numfashinsa ciki da tsinken shan lemo, hurawa kawai ban da zuƙa, ruwan ya yi fari. Farin nan kalsiyam kabonet ne, abin da aka fara da shi. In ya ci gaba da hurawa, farin zai sake narkewa ruwan ya washe, wata tambayar kuma ta taso.

A nan akwai tarkon da ke kama malamai. Littafi zai ce a ɗiga asid a kan alli a ga kumfa. Allin rubutu da yawa da jifsam ake yin su, wato kalsiyam salfet, wanda ba ya kumfa ko an kwana ana ɗiga masa. Shi ya sa ba a shiga aji da aikin da ba a gwada jiya ba, da kayan da za a yi amfani da su yau.

Tsatsa da rabon iska

Gwajin tsatsa ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. A goge ƙusoshi da sanfefa har su yi ƙyalli. Ta farko a sa ta rabi cikin ruwa rabi a waje. Ta biyu a nutsar da ita cikin ruwan da aka tafasa don korar iskar da ke narke a ciki, a malala man gyaɗa a sama. Ta uku a rufe ta a busasshiyar kwalba tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi. Ta huɗu a ruwan gishiri. A jera su a taga, kullum da safe rukuni ɗaya ya duba ya rubuta. Kafin mako ya zagayo, aji zai iya faɗa da bakinsa cewa ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da oksijin sun taru a kansa, gishiri kuma ingiza su yake yi. Daga nan bayanin abin da ya sa ake shafa wa kwanon rufi zinki, da abin da ya sa motar da ta zauna a Legas ta fi ta Agadas saurin ruɓewar gindi, ba ya bukatar dogon turanci.

Tsatsar ce kuma za ta auna mana rabon oksijin a iska. A jiƙa lallausan soson ƙarfe irin na kafintoci da binega, a matse, a cusa shi a gindin doguwar kwalba, a kifa ta cikin faranti mai ruwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ruwan zai hau kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawon kwalbar ya tsaya, daidai da kashi 21 cikin 100 da littafi ya faɗa. Soson wanke tukunya mai ƙyalli ba zai yi ba, domin an yi shi ne da ƙarfen da ba ya tsatsa; in ba a sami na kafintoci ba, a roƙi garin ƙarfe a wurin masu walda.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan farin jini, amma yana koyar da ƙarya. A kunna kyandir a faranti mai ruwa, a kifa masa kofi, wuta ta mutu, ruwa ya hau, a ce ga gurbin oksijin ɗin da aka cinye. Ba haka abin yake ba. Wutar tana mutuwa alhali mafi yawan oksijin ɗin yana nan, kuma hawan ruwan galibi daga hucewar iskar da ta yi zafi ne. A kunna kyandir uku a ƙarƙashin kofi ɗaya, ruwan zai fi hawa, ko da yake iskar da aka rufe ba ta ƙaru ba. Malami mai wayo ba zai jefar da gwajin ba. Zai ba yara bayanin ƙaryar, ya ba su kyandir uku, ya ce su kama shi.

Sauri da jinkiri

Ƙwayar bitamin C mai narkewa da kumfa ta isa darasin saurin sauyi. Kofi uku: ruwan ƙanƙara, ruwan randa, ruwa mai ɗumi. Agogon wayar malami ya ƙirga daƙiƙoƙin da rabin ƙwaya ke ɗauka kafin kumfa ta tsaya. Sannan a kwatanta guda da dakakkiya a ruwa iri ɗaya. Dokar da za su koya a nan ta fi sakamakon muhimmanci: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Rukunin da ya daka ƙwayarsa kuma ya sa ta a ruwan ɗumi ba zai iya faɗar wanne ne ya kawo saurin ba. A tambaye su me ya sa ƙullun waina ke tashi da wuri a bazara, ya yi nawa a hunturu.

Don nuna mai hanzarta sauyi, a sayo ruwan haidurojin feroksaid na wanke ciwo a kantin magani, sabo, domin tsoho ya riga ya zama ruwa. A jefa guntun ɗanyar hanta a kwalba ɗaya, dafaffiya a ɗaya. Ɗanyar za ta tayar da kumfa nan take, dafaffiyar ta kwanta shiru, domin wuta ta lalata katales, sinadarin da ke wannan aiki a jikin mai rai. A kunna tsinken tsintsiya, a hure shi ya bar jan garwashi, a zura cikin kwalbar farko: zai sake kamawa da wuta. Oksijin ke nan.

Marina makaranta ce

Babin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne na karɓa da bayar da lantarki tsakanin ƙwayoyi, wanda ake kira ridoks. Ga shi kuwa marinan ƙasar Hausa sun shekara ɗaruruwa suna sarrafa shi. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da 1498, Heinrich Barth kuma da ya zo birnin a 1851 ya rubuta yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba zai ratsa zare ba. Sai marini ya haɗa baba da toka da kanwa a rijiyar rini ya bar su kwanaki. Toka da kanwa suna mai da ruwan alkali, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyen kuma su cinye oksijin ɗin ciki, su juya shuɗin zuwa wata siffa mai narkewa, mai launin rawaya-kore. Ita ke shiga zaren. Da an ɗago ƙyallen ya sha iska, oksijin ya mai da ita shuɗi a idon mai kallo, ta maƙale a ciki ba fita. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, har launin ya kai yadda ake so.

Makarantar da ke kusa da marina, a Kano ne ko Kura ko Zariya ko wani gari, ta kai yara. Su gaida masu aikin da ladabi, su tambaya: "Baba, yaya kuke gane rijiya ta nuna? In ta mutu, me kuke yi mata?" Su rubuta amsar yadda aka faɗe ta, a dawo aji a nemi fassararta a harshen ikweshan. Wanda bai da marina kusa yana iya nuna ridoks da aidin na kantin magani. Ɗigonsa ɗaya a ruwan koko yana ba da shuɗi mai duhu, bitamin C kuma yana kashe wannan launi. A sa ɗan ruwan koko cikin ruwan lemo, da na goba, da jiƙon garin 'ya'yan kuka, a ƙirga ɗigon aidin da kowanne zai shanye kafin shuɗin ya zauna. Wanda ya fi shanyewa ya fi bitamin.

Abin da ba a kawowa aji

Kasancewar abu a kasuwa ba ya nufin ba ya kisa. Ruwan batir asid ɗin salfurik ne mai cin fata da tufa. Sodar masu yin sabulu tana makantarwa. Kabaid na masu walda in ya taɓa ruwa yana fitar da iskar asitilin mai fashewa. Ruwan bilic in ya gamu da kowane asid, ko da binega ce, yana sakin iskar kulorin. Babu ɗayansu da ke da gurbi a hannun ɗalibi.

Wuta da barasar gwaji su ma haka. A 2014 hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan gobara uku cikin makonni takwas, a wuraren da ake nuna wa yara gwaji da sinadarin metanol. Salon haɗarin ɗaya ne: mai nunawa ya tsiyayo daga babbar gora kusa da wuta, harshen wutar ya bi tururin ya koma cikin gorar, ta yi aman wuta a kan na sahun gaba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dokokin ajinmu kaɗan ne, amma ba sassauci. Ba a ɗanɗana komai, ko da zoɓon ne. Ba a zuƙar ruwa da baki ta fifet. Duk gorar da aka zuba wani abu a rubuta sunansa a jiki. In za a kunna ko da kyandir ne, a soke hijabi da mayafi cikin riga, a naɗe hannun riga, bokitin ruwa da na yashi suna kusa. Abu ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti goma sha biyar kafin a nufi asibiti.

Aji mai mutum tamanin

Yawan yara shi ne uzurin da aka fi kawowa, maganinsa kuma shi ne a ƙanƙanta komai. Tun shekarun 1990 cibiyar RADMASTE ta jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ta ƙera ƙananan kayan gwaji da ake aiki da ɗigo a maimakon kofi, UNESCO kuma ta taimaka aka kai su ƙasashe da dama. Ana iya kwaikwayon dabarar da abin da ake zubarwa: wankakken fakitin ƙwayar magani mai ramuka, murafen gora, kwalaben maganin ido da aka ɗauraye, farar takarda cikin leda wadda za a ɗiga abu a kanta. Da lita guda ta zoɓo makaranta gaba ɗaya za ta yi aiki. A raba aji biyar-biyar ko shida-shida, kowa da aikinsa: mai aunawa, mai ɗigawa, mai ƙirge, mai rubutu, mai wanke kaya. Mako mai zuwa a juya, don kada maza ko masu baki su riƙe sirinji kullum.

Jarrabawar ƙarshen zango ma tana iya zama ta hannu. Garin abu biyar farare ba suna: gishiri, sukari, sitaci, bekin soda, dakakken ɓawon ƙwai. A ba su ruwa, binega, zoɓo da aidin. Uku za su bayyana kansu da sauri. Gishiri da sukari za su ƙi rabuwa, sai wani ya tuna cewa in aka ɗora su a murfin gwangwani bisa wuta, ɗaya zai narke ya yi baƙi.

Mai neman ƙari yana da inda zai dosa. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, tana shirya tarurrukan bita. Ƙungiyoyin masana sinadarai na Birtaniya da na Amurka sun zuba ayyukan gwaji masu yawa kyauta a intanet. Shirin PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman ya fara a 2002, yana nuna motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta ko waya, wato hawan nan na biyu da kwalba ba ta iya nunawa. Duk abin da aka ɗauko daga can, a bi da shi ta tambayoyin nan huɗu, a gwada shi da kayan gida, a rubuta a littafi na musamman abin da ya yi da abin da ya ƙi. Littafin nan shi ne gadon da malami zai bar wa wanda zai gaje shi.

Kada kuma wani shugaban makaranta ko jami'in ma'aikatar ilimi ya karanta wannan babi ya ce ashe ba a bukatar ɗakin gwaji. Zoɓo ba zai maye gurbin manunin da jarrabawa ke amfani da shi ba, sirinji ba biret ba ne, kuma babu rumfar kayan miyar da ke sayar da asid mai sanannen ƙarfi ko gilashin kare ido. Waɗannan haƙƙin yara ne a wuyan masu makaranta. Amma malamin da ya shiga taron iyaye da malamai riƙe da littattafan ɗalibansa cike da awo da zane da hasashen da suka rubuta da hannunsu, ya ce ga abin da muka yi da kanwa da ƙusa, ga jerin abin da ya rage mana da farashinsa, ya fi wanda ya zo da koke kaɗai samun mai saurare.